Buhun Farko Na Heluma Ne

Bari in faɗi wautata da bakina kafin wani ya riga ni. Ina da shekara arba'in da ɗoriya, da mata da 'ya'ya biyar, gemuna ya fara furfura, na haƙa rami a cikin tulin auduga na shige na ja audugar na rufe kaina, saboda wata mata ta zo wurin aikinmu da allurar da ba ta kai ɗan yatsana tsawo ba. Tun hantsi nake ciki har aka kira azahar. Na yi gumi, na haɗiyi atishawa ta fi goma, wani abu ya cije ni a ƙugu ban ko motsa ba. Da na fito, fari fat kamar an tono ni daga kabari, har ƙirji nake bugawa wai na fi masu asibiti wayo.

A wani gidan gurzar auduga nake aiki a Funtua. Manoma su kawo auduga daga Danja da Maska, har daga wajen Musawa, inji ya raba ta da angurya, mu kuma 'yan dako mu kwashi buhunan angurya daga sito mu hau katako mu jera a mota. Mutum biyu ke ɗaga maka buhu, kai ka tara kafaɗa, ka sunkuya, ka bi katakon nan mai lilo har cikin tirela. Aji uku na yi a firamare, biyu daga ciki a bakin taga, don haka kafaɗata ce takardar shaidata.

Muna da shugaba, heluma. Dogo ne baƙi, mai wuya kamar turmi, da murya wadda in ya yi tsawa a sito sai mai shayi a bakin titi ya zubar da madara. Kuma muna da al'ada da muka gada daga waɗanda suka riga mu: ba wanda ke taɓa kaya da safe sai heluma ya yi bismilla ya ɗauki buhun farko ya kai mota. Ko direba na kuka, ko manaja na duba agogo, sai an jira shi. Mun yi imani in wani ya riga shi, ranar sai katako ya zame ko buhu ya fashe. Wannan buhun shi ne rawaninsa.

A bazarar wata shekara aka fara jin sanƙarau a ƙauyuka. Manaja ya ce masu rigakafi za su zo har wurin aiki, tunda mu ba mu da lokacin zuwa asibiti. Lokacin kuwa motoci sun yi layi har bakin titi, kowa na son a loda masa kafin ruwa ya sauka. Ana gobe za su zo, heluma ya tara mu bayan sito.

"Ku saurara da kyau," ya ce. "Ni ban hana kowa ba. Amma ɗan dako ba shi da gonar da ta wuce kafaɗarsa. Akwai wani ƙato a Malumfashi, buhu biyu yake ɗauka a tashi ɗaya. Tun da aka soka masa wannan abin, hannu ya shanye kamar busasshiyar kuɓewa. Sauran abin da ya shanye kuma ba zan faɗa ba, akwai masu sabon aure a nan."

Wani ya ce, "Heluma, wa ya gan shi?"

Nan fa bakina, wanda bai taɓa jin ana labari ya yi shiru ba, ya buɗe da kansa. Na ce ai ni na san mutumin, har na taɓa cin tuwo a gidansa, yanzu matarsa ke ɗaura masa tazugen wando. Aka kwashe da dariya, heluma ya dafa kafaɗata ya ce, "Kun ji ko?" Ni kuwa ban taɓa ganin mutumin ba. Ina jin ko heluma bai taɓa ganinsa ba. Amma da na faɗa sau biyu sai na fara jin tsoronsa da gaske, abin da ya kai ni cikin auduga ke nan. Wasu suka haura katanga, wasu suka ce suna azumin nafila. Masu rigakafi suka yini a ƙarƙashin darbejiya suna korar ƙuda, suka yi wa akawu da masu kula da inji, suka naɗe kayansu suka tafi.

Ba a yi wata guda ba wuyana ya ƙi juyawa. Na ce buhu ne na ɗauka a karkace. Da yamma kaina ya zama kamar ana daka a ciki, hasken rana ya zama abokin gabana, daga nan ban san komai ba sai da na buɗe ido na ga silin ɗin asibiti da ledar ruwa a rataye, da uwargidana tana magana, bakinta na motsi, muryar kuma kamar daga gidan maƙwabta. Mu biyu muka kwanta daga cikin 'yan dako. Ɗayan mutumin Maska ne, ɗaya daga cikin masu ɗaga mini buhu shekara bakwai, mai yawan shiru, mai raba goronsa biyu ya ba ni rabi. Ni na tashi da kunne ɗaya, na hagu ya kurmance. Shi bai tashi ba.

Ina kwance a gadon nan matar mai allura ta shigo da littafi tana tambayar marasa lafiya inda suke aiki. Kirista ce daga wajen Malumfashi, gajeruwa mai faɗa, Sista kowa ke ce mata. Ta tsaya a hagu ta yi magana, na nuna mata dama, ta zagayo.

"Baba, a gidan gurza kake? To me ya hana ka? Mun yini muna jiranku."

Na ce, "Sista, shugabanmu ne ya ce tana kashe kafaɗa."

"Wane shugaban? Dogon nan mai murya?" Ta rufe littafin. "Ai shi muka fara yi wa. Tun kafin mu shimfiɗa tebur ya same mu a ofishin sito, ya ce yana sauri. Har ya tambaya ko akwai ranar da zai kawo iyalinsa. Na ɗauka ya gaya muku."

Ta ga fuskata, ta gane ta faɗi abin da bai kamata ba, ta kama bakinta ta wuce gado na gaba. Ni kuma na kwanta ina kallon silin. Sai a lokacin na gane lissafinsa. Allura takan sa hannu ya yi tsami kwana ɗaya ko biyu. In mu duka muka yi tsami, motoci su kwana, manaja ya kira heluma ya wanke shi tas. Don kada a yi masa faɗa na yini biyu ya tura mu haura katanga, shi kuma ya lallaɓa ya kare wuyansa.

Da na warke na koma, amma ƙasa ta daina tsayawa wuri ɗaya. In na taka katako sai in ga tirela ta karkata. Sau biyu na faɗo da buhu. Manaja ya tausaya ya ba ni gadin ƙofa, da kujerar roba da makulli da sanda. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana ɗaukar kaya ya koma buɗe wa awaki hanya.

Na gaya wa 'yan dako abin da Sista ta ce. Na gaya musu a wurin mai shayi, na gaya musu a bakin masallaci. Suka dubi juna. Heluma da ya ji sai ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Ku bar shi, bawan Allah. Sanƙarau in ya saki wuya kai yake kamawa." Shi ke nan. Wa zai yarda da mutumin da ya rantse ya ci tuwo a gidan wanda babu shi a duniya? Na kashe kasuwata da bakina tun kafin in kawo kayan gaskiya.

Daga ranar na sa shi a gaba. Ba zan yi ƙaryar cewa na bar wa Allah ba. Na bar wa Allah rabi, na riƙe rabi. In ya zo da babur ɗinsa ya yi hon, sai in juya masa kunnen hagu in ci gaba da taunar goro har sai ya sauko ya buga ƙofa da hannu. In ya ajiye babur a inuwa sai in tura shi rana, sirdi ya yi zafin da zai gasa masara. Wata rana na sace iskar tayarsa gaba da baya, na zauna ina jiran kallo, sai ga akawu ya fito yana salati, ashe nasa ne, iri ɗaya suka saya. Ni na tura masa har wurin mai faci.

Uwargidana ta ce, "Malam, wannan ba ramuwa ba ce, wasan 'yan tasha ne. Mutum ya ci maka kunne, kai kana cin iskar taya."

Na ce, "Ki bari, dabara nake haɗawa."

"Dabarar da ta kai ka cikin auduga?"

Ba ni da dabarar komai. Jira kawai nake yi, shekara biyu cur, ina kallonsa kowace safiya yana tafiya a hankali zuwa buhun farko, mutane na buɗa masa hanya, ƙanen marigayin nan na Maska ma yana cikin masu ɗaga masa. Wannan ya fi komai ci mini rai. Babban mutum ne mai iyali, ya zo ya maye gurbin yayansa, yana ɗora wa heluma buhu yana cewa, "A sauka lafiya, ranka ya daɗe."

Sai aka manna takarda a ƙofata. Na sa akawu ya karanta mini: masu rigakafi za su dawo, wannan karon na ciwon shawara ne. A bazara kuma, motoci a layi. Heluma ya sake tara mutane bayan sito. Na laɓe jikin katanga na tara kunnen kirki. Huɗubar nan ce dai, sai dai ƙaton da hannunsa ya shanye ya tashi daga Malumfashi ya koma Danja.

Da la'asar ya tsaya a ƙofata, ya sassauta murya.

"Mai gadi, gobe masu asibiti za su zo da sassafe. Ka kai su ofishin sito su ajiye kaya, ina da magana da su. Kada ka tara mini jama'a."

Na ce, "Na'am?"

Ya zagayo dama ya maimaita.

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Yana ba da baya na ji jikina ya yi sauƙi kamar an sauke mini buhu. Na san in na ce wa mutane su zo su ga gaskiya ba wanda zai zo. Gaskiya ba ta fitar da ɗan dako daga gida da asuba. Amma kowannenmu manomi ne in damina ta faɗi, kuma a ƙasar nan akwai abu ɗaya da zai sa gurgu ya riga mai babur isa. Ana tashi aiki na riƙa tare su ɗaya bayan ɗaya a ƙofa ina raɗa musu: manaja ya samo takin zamani, gobe bayan sallar asuba za a raba a ofishin sito, buhu ɗaya-ɗaya, wanda ya makara ya rasa. Kuma kada heluma ya ji, don so yake ya karkatar da shi gonarsa. Abin mamaki, mutanen da suka ƙi yarda cewa heluma zai yi allura a ɓoye, ba wanda ya yi musu cewa zai ci taki.

Gari bai gama wayewa ba suka cika ƙofa, wasu har da igiyar ɗaure buhu a babur. Na shigar da su ta ƙaramar ƙofa, na kai su bayan tulin auduga, na ce kowa ya tsuguna ya yi shiru, manaja ba ya son hayaniya. Suka tsuguna kamar masu jiran ɗaurin aure. Can sai ga motar asibiti. Sista ta sauko da akwatin sanyinta da abokan aikinta biyu, ta dube ni ta ce, "Baba mai kunne ɗaya, kana nan?" Na ce ina nan daram, na kai su ofis. Ba a daɗe ba heluma ya iso, ya kashe babur tun daga titi ya turo shi da hannu. Ya duba hagu, ya duba dama, ya shige ya ja ƙofa.

Na ƙirga ashirin, iyakar abin da nake ƙirgawa ba tare da na rikice ba. Na koma na ce wa mutane su cire takalma su biyo ni. Ofishin yana da ƙofa mai ganye biyu, kuma ni ke shafa wa sakatarta mai. Na jera su a gabanta, na kama ganyen biyu na wangale.

Ga heluma zaune a kan benci, riga a kafaɗa ɗaya, damtse a waje. Ya runtse ido, ya juya fuska bango, yana karanto duk addu'ar da ya sani. Allurar tana cikin naman hannunsa.

Sista ce ta fara magana. "Wane mara kunya ne ya buɗe ƙofar nan? Ana leƙen mutum yana gaban ma'aikacin lafiya?"

Na ce, "Ni ne, Sista, ki yi haƙuri. Al'adarmu ce. Ba ma taɓa kaya sai heluma ya ɗauki buhun farko." Na juya ga mutane na ɗaga murya yadda shi yake yi. "Jama'a, heluma ya yi bismilla! A bi layi!"

Ya buɗe ido. Na shekara biyu ina zana wannan fuskar a raina, amma ta gaske ta fi daɗi. Bakinsa ya buɗe ya rufe kamar tarwaɗar da aka jefo tudu. Ya ce wai manaja ne ya tilasta masa. Ya ce wai gwadawa yake yi a jikinsa don ya ga ko za ta cutar da mu. Wani daga baya ya ce, "To ina takin?" Na nuna masa akwatin sanyi na ce ga shi can, ɗaya-ɗaya ne, ba a ƙari. Aka zage ni, aka zagi gemuna, wasu suka fara dariya.

Ƙanen marigayi bai yi dariya ba. Ya ratsa mutane ya tsaya a bakin ƙofa, igiyar buhu a hannunsa.

"Heluma," ya ce a hankali, "waccan shekarar ma ka yi?"

Heluma ya dubi Sista. Sista ta duƙa tana gyara kwalabenta. Heluma ya dubi ƙasa. Ƙanen marigayi ya yar da igiyar, ya naɗe hannun rigarsa, ya zauna a bencin, gefen heluma, har kafaɗunsu na gogar juna. Ya ce, "Sista, bismilla." Daga nan layi ya miƙe har bakin sikeli.

Ni na zo ƙarshe, don in tabbatar ba wanda ya zame. Na zauna da ƙarfin hali, na miƙa hannu, na ji abu mai sanyi ya taɓa ni, na ƙwalla ihu na kira sunan mahaifiyata wadda ta shekara goma sha a ƙasa.

Sista ta ce, "Baba, audugar ce kawai na goga maka. Kai da ka yini a cikinta."

Ashe har wannan labarin ya kai asibiti.

Washegari hannuwa suka yi tsami, gaskiyar heluma ke nan guda ɗaya. Ana ɗaga buhu ana tsaki, ana zagina, motoci biyu suka kwana. Manaja ya fito ya yi faɗa, faɗan bai kashe kowa ba. Kwana na uku kowa ya manta a wane hannu aka yi masa. Ba hannun da ya shanye, kuma masu sabon aure ba wanda ya kawo ƙara.

Amma abin da na zauna a kujerata na kalla da idona, na ji daɗinsa har cikin ƙashi, shi ne safiyar farko bayan allurar. Heluma ya iso a makare kaɗan, ya nufi sito da tafiyarsa ta ƙasaita. Kafin ya kai, ƙanen marigayi ya riga ya tara kafaɗa, an ɗora masa, ya hau katako. Na biyu ya bi shi, na uku ya bi. Ba wanda ya dubi heluma. Katako bai zame ba, buhu bai fashe ba. Heluma ya tsaya a tsakiyar fili da hannu a aljihu kamar baƙon da ya zo neman aiki. Ya yi tsawa sau ɗaya, muryar nan da ke girgiza kwano, wani ya ce masa, "Matsa, malam, kaya ne a kaina."

An ce rama cuta ga macuci ibada ne. Ban sani ba ko malamai sun yarda da wannan, ban kuma tambaya ba don kada su hana ni. Na dai san ranar na sayi tsire na kai gida, uwargida ta ci ta ce, "Yau kam ka ci abin da ya fi iskar taya." Tun daga shekarar, duk lokacin da masu rigakafi za su zo, ni manaja ke sawa in sanar. Sista ta ce na zama mai wayar da kan jama'a. Ban gaya mata ba cewa ni kan mutum ɗaya na so in fasa, wayewar ta zo ne a kan hanya.

Heluma ya ƙarasa kakar aikin a haka, ana gaishe shi ba a jiransa. Da aka gurje audugar ƙarshe ya ce wa manaja zai koma gona. Ranar tafiyarsa ya ɗaure tabarmarsa da butarsa a bayan babur, ya turo har ƙofa. Wannan karon ban sa shi ya jira ba. Na buɗe masa ganye biyu, na tsaya a gefe ina murmushi da duk haƙoran da suka rage mini. Na tanadi maganganu kala-kala, na kwana uku ina wasa su.

Ya tsaya daidai inda nake. Ya kafe babur ɗin. Bai tsaya a hagu ba, ya zagayo ta dama da kansa, ya sunkuyo daf da kunnena kamar mai ba da sirri. Abin da ya faɗa, na yi shekaru ina juya shi a kujerar roba, na samo amsoshi sun fi buhu, amma duk bayan ya tafi suka zo, kuma ko da sun zo a kan lokaci ban tabbata zan iya furta su ba.

"To, mai gadi, ka rama, kuma ta yi kyau. Kunnen ya dawo?"